Saƙon Maraɗi a Tsibirin Réunion

Abin da idona ya fara kamawa a kan bel ɗin da ke zagayo da kaya shi ne ƙyallen atamfa ja mai zanen ganye, ɗaure a hannun jakata. Jakunkunan goyo sun fi ashirin a wurin, kusan duk launi ɗaya, na Turawan da suka zo hawan duwatsu, amma tawa ce kaɗai mai ƙyalle. Tanti Batula ce ta yage shi daga bakin tsohon zanenta a tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu, ta ɗaure, ta ja ƙullin da haƙori.

"A filin jirgin Yamai kowa jakar wani yake ɗauka," ta ce. "Da wannan, ko daga nesa kin san taki."

Na san tawa daga nesa kuwa. Sai dai ba Yamai na sauka ba.

Masu karatu, ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni: sunana Mutmainna, shekarata ashirin da bakwai, haifaffiyar Damagaram. Shekara shida ke nan ina zaune a Rillieux-la-Pape, arewa da Lyon, hawa na bakwai, gidan ƙanen mahaifiyata Kawu Salihu da matarsa Tanti Batula. Su suka riƙe ni tun rasuwar Mama. Na gama master a ilimin duwatsu, irin waɗanda ke aman wuta. Ni ce yarinyar nan da in baƙi suka zo take kawo shayi ta koma ɗaki, wadda ake yabo da cewa ba ta da matsala. Ban taɓa ce wa babba a'a ba. Ban iya ba. Ko na shirya ta a baki, in na buɗe sai in ji "to" ta fito.

Ranar Asabar ɗin nan, ƙarfe tara da rabi na safe, na sauka a Réunion, wani tsibiri a tsakiyar tekun Indiya, awa goma sha ɗaya daga Paris. Shekara biyu ina shirin wannan tafiya ba wanda ya sani a gidanmu. Niyyata in ratsa tsibirin da ƙafa daga arewa zuwa kudu, in tsaya a bakin dutsen da na rubuta shafi ɗari da ashirin a kansa ban taɓa ganinsa da idona ba, daga nan in wuce tsibirin Moris, in wuce Madagaska. Wata uku, ni da jakata. Taswirar tana bayan almarin ɗakina, takalman tafiyar suna gidan ƙawata a Paris.

Sau ɗaya na gwada faɗa. Muna cin tuwo na ce, "Kawu, akwai ɗaliban da in sun gama karatu suke zuwa su ga duwatsun da idonsu."

"Su wa? Mace ita kaɗai da jaka a baya kamar sojan da ya ɓace wa ƴan'uwansa?"

Ya yi dariya, Tanti ta yi. Ni ma na yi. Ban sake tayar da maganar ba.

Sai ga Moctar.

Ɗan Maraɗi ne, shekararsa talatin da biyar, yana da shagon shadda da atamfa a unguwar Goutte d'Or da ke Paris. Kawu ne ya kawo shi gida. Kuma tunda na yi muku alkawarin gaskiya, bari in faɗa: ba shi da laifi ko ɗaya. Da yana da shi da na ji sauƙi. Duk wata yake hawo jirgin ƙasa na TGV ya zo Lyon, ya zauna a salon ɗinmu, ya kira ni "Malama mai duwatsu". Wata rana ya zaro wani baƙin dutse daga aljihu, ya ce a gulbin Maraɗi ya tsinto, in duba masa ko zinariya ce mu rufe shago. Har yau dutsen yana cikin jakata. Ni kuwa ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, ban taɓa kallon fuskarsa ya wuce ƙiftawar ido ba. Takalmansa na sani: baƙaƙe, masu igiya, na hagu ya fi cin dunduniya.

"Shekara ashirin da bakwai, Mutmainna," Tanti take cewa tana yanka albasa. "Diplôme ɗin nan zai gaishe ki da safe ne? Zai tambaye ki yaya jiki? Me kike jira?"

"To, Tanti."

Da aka fara maganar manyansa za su zo gaisuwa, na ji kamar ana rufe tagogin gidan ɗaya bayan ɗaya. Ba ƙinsa nake ba. Ina so dai sau ɗaya in yi abin da ni na zaɓa kafin in koma wani hawa na bakwai. Sai na ce ina son in je gida tukuna, in ga yayata Rahama a Yamai mu yi shawara. Kowa ya ji daɗi. Kawu har ya ce yarinyar nan ta san ya kamata. Yaya Rahama kaɗai na gaya wa gaskiya, a waya ta ce, "Sati biyu zan iya rufa miki. Bayan nan ke da Allahnki."

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne saƙo.

Kun san mu. Cikin kwana uku labari ya zaga Rillieux har Villeurbanne cewa ƴar gidan Salihu za ta gida. Ɗakina ya koma shago: takalman jariri, man shafawa, turare, tsohuwar waya, injin markaɗe, har da gilashin ido na wani tsoho a Tasawa. Kowa ya shigo da "ɗan abu ne, ba nauyi". Na karɓa duka, na ce to. Valis guda, babban akwati, ta cika har sai da Tanti ta zauna a kai aka ja zip.

Ƙawata Safi, wadda muka yi jami'a tare, tana zaune a Montreuil, gefen Paris, tana aikin kula da tsofaffi. Ita ta san wata mata mai GP, masu ɗaukar kayan mutane a jirgi zuwa Yamai. Ranar Juma'a da safe muka kai mata valis ɗin da jerin sunaye, Yaya Rahama za ta raba. Na ɗauka na toshe kowace kafa.

Bayan an sauko daga Juma'a Moctar ya zo ɗakin Safi yin sallama. Farar shadda, hula mai aiki, ƙamshinsa ya riga shi hawowa bene. Ni ina cikin koriyar doguwar riga da mayafi, a ƙarƙashinta kuma na riga na sa wandon tafiya.

"Ina valis?" ya tambaya, yana kallon jakar goyon da ke jingine da bango.

"Tana motar ɗan'uwana," Safi ta ce ba ko gezau. "Shi zai kai mu. Ta Kasablanka za ta bi, sai dare."

"Da na kai ku ai."

"Ka bar shago ran Juma'a? Non, Alhaji, zauna ka nemi na lefe."

Ya yi dariya. Sai ya ciro wani ƙunshi daga ledar hannunsa, an naɗe da baƙar leda an manne da salatef, bai fi girman burodi ƙarami ba. Ya dubi Safi, ya rage murya.

"Wannan kada ya shiga ƙasan jirgi. Ki riƙe a jikinki. Bayani yana ciki, ki karanta in kin zauna."

Na sa hannu biyu na karɓa, idona a kan takalmansa. Na ce na gode.

Ku gaya mini, me za ku ɗauka? Saurayi ya ba ki ƙunshi ranar tafiya, ya rage murya, ya ce akwai takarda. Guzuri na ɗauka, kilishi ko dabino, da wasiƙa. Ba a buɗe kyauta gaban mai ita. Bayan ya tafi kuma tsoron wasiƙar na ji. Na san kaina: in na karanta kalma biyu masu daɗi kafin in shiga jirgi, ba zan shiga ba. Sai na tura ƙunshin a aljihun saman jakar goyo, na kashe waya tun daga metro, na miƙa jakar a filin jirgin Orly ta shiga ƙasan jirgin da ya ce kada ƙunshin ya shiga.

Da na fito ƙofar filin jirgin Réunion, iska mai ɗumi da laima ta rufe ni kamar an yafa mini zane da aka ɗauko daga rana. Teku a dama, ga duwatsu kore shar a gabana, gajimare ya zauna a kansu. Ba wanda ya san ni. Ba wanda zai ce in kawo shayi. Na zauna a kan wani benci ƙarƙashin bishiyar kwakwa, na ɗaure igiyar takalmina da kyau, na ji hawaye na daɗi. Minti goma na yi ina farin ciki a tsibirin nan. Sai yunwa ta tuna mini da kilishi.

Na yage salatef ɗin. Kwalaye uku na magani. Takardar likita mai hatimi. Da wata takarda da aka yago daga littafin shago.

"Malama, ki yi haƙuri ban iya faɗa gaban ƙawarki ba. Inna ba ta so a san ciwonta, ko ƴan'uwanta ba su sani ba. Wannan maganin da likitan da ya yi mata aiki a Paris bara yake rubuta mata ne, na wata uku. Na hannunta zai ƙare ran Talata, kuma ya ce kada a tsallake ko kwana ɗaya. Babu shi a Maraɗi, mun nema a Yamai ma babu. Da zan ba masu GP kamar kullum, sai na ce ga wadda ta fi su. In kin huta, ran Lahadi ki hau mota ki kai mata da hannunki. Na gaya mata ke ce za ki kawo. Tun jiya ta sa ake share ɗakin baƙi."

Na karanta sau uku. Na duba kwalayen kamar za su canja. Daga nan na kunna waya, ta yi ta rawa a hannuna ba ta tsaya ba.

Tanti: kira shida.

Moctar, 21:04: "Allah ya kiyaye hanya, Malama."

Moctar, 06:30: "Kin sauka lafiya? Kin ga bayanin?"

Yaya Rahama, 07:12: "Na ce musu kina barci. Mutumin naki ya kira yana tambayar magani. WANE MAGANI?"

Sai wani saƙon murya da Moctar ya turo, daƙiƙa arba'in da biyu. Na danna. Muryar tsohuwa ce, siririya, tana hutawa tsakanin kalmomi. "Ɗiyata, sannu da hanya. An ce ke ce kika ɗauko mini wahala. Allah ya yi miki albarka. Kada ki yi sauri, ki huta tukuna. Me kike so a dafa miki?"

Ban san lokacin da na miƙe ba.

Na hau bus zuwa Saint-Denis, babban birninsu, da jaka a baya, na sami wani ofishin aika kaya saura kaɗan su rufe. Matar da ke wurin ta yi kirki, ta danna na'urarta ta juyo mini da ita. Komai sai ya koma Paris tukuna, daga can Yamai, daga can Maraɗi. Kwana takwas in an yi sa'a. Magani kuma sai da takardun kwastan, su ma sai Litinin. Na ce mata Talata. Ta ce ta ji, ta ba ni haƙuri, ta ja labulen ƙarfe.

Na koma filin jirgi. Na tambayi kujera a jirgin da zai tashi zuwa Paris da yamma. Lokacin hutu ne, an cika, har na gobe. Na tsaya a tsakiyar zauren tashi, gumi yana bin bayana ƙarƙashin jaka, mutane suna tura kayansu suna wuce ni. Ɗaruruwa. Dukansu gobe da asuba suna Paris.

Sai na yi abin da kowane ɗan ƙasarmu zai yi. A filin jirgin Yamai, wa bai taɓa ganin an tare matafiyi an ce don Allah ɗan saƙo ne ba? Kawu da kansa ya taɓa ɗauko wa wani da bai sani ba ƙunshin yaji tun daga Yamai har Marseille. A kaina wannan ba roƙo ba ne, zumunci ne.

Sai da na yi minti arba'in kafin na iya yi wa ta farko magana. Ni da ko a shagon burodi sai na maimaita abin da zan ce a zuci. Wata mata ce da ɗanta. Na ce mata da Faransanci, don Allah madame, magani ne na wata tsohuwa, ko za ki kai mini Paris. Ta janye yaron ta ɓoye a bayanta. "Non, non, désolée."

Na biyu ya ɗaga hannuwa sama kamar na nuna masa wuƙa. Na uku, wani saurayi mai allon wasan teku, ya waiga yana dariya ya ce ina kamarar take. Wata tsohuwa ta saurare ni har ƙarshe, ta dafa hannuna ta ce ƴarta ta hana ta karɓar komai. Ina kan na bakwai lasifika ta buɗe, muryar nan mai sanyi ta ce kada fasinja ya karɓi kaya daga hannun wanda bai sani ba. Na ga kawuna suna juyowa. Mace mai mayafi, baƙar leda a hannu, tana bin mutane. Sai a lokacin na ga kaina yadda suke gani na.

Mai gadi ya zo. Bai ɗaga murya ba. Ya duba fasfo da katin zamana, ya duba kwalayen, ya ce in ya sake gani na na tare wani zai fitar da ni.

Na je lungu kusa da gilashi, na sauke jaka, na zauna a kanta na sa fuska a gwiwa. Ban taɓa kuka a gaban mutane ba sai ranar. Talata kawai nake ji a kaina. Da ɗakin baƙin da aka share.

"Assalamu alaikum, ma fille."

Wani dattijo ne, farar hula, farin gemu a gyare, doguwar riga mai ruwan toka. Ba ni yake kallo ba, ƙyallen Tanti yake kallo. Ya sunkuya ya murza shi tsakanin yatsu biyu.

"Ta gaske ce," ya ce da Faransanci. "Tsohuwa. Shekara arba'in ina sayar da yadi a Saint-Denis, ba a buga irin wannan yanzu. Wanda ya yage wannan saboda ke, yana ji da ke."

Kukan ya ƙaru. Ya jira. Ya ce sunansa Mustafa, a tsibirin aka haife shi, za shi Paris ganin jika. Ya ce tun ɗazu yake kallo na, ya ga abin da nake yi hauka ne, amma bai ga fuskar mai mugunta ba. Na gaya masa komai, har ƙaryar. Ya sa gilashi, ya buɗe kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ya gwada sunan da ke jikinsu da na takardar likita.

"Zan kai," ya ce. "Amma ba zan tsaya a Orly da maganin mutane ina neman wanda ban sani ba. Ƙarfe shida da minti goma na safe. Ɗan matar nan nake so ya zo da kansa, kuma kafin in wuce ciki ina so in gan shi."

Na kira Safi. Ta saurara, ta ja dogon tsaki.

"Ƙarfe shida ina wurin aiki. Kuma ko ba na aiki, in karɓa in kai wa wa? Mai GP ta tashi jiya. Moctar ne ya san ƴan kasuwar da ke tashi kullum, shi kaɗai zai iya kai shi Maraɗi kafin Talata."

"Safi, ki ce masa na manta shi a ɗakinki."

"Ke! Valis ɗin ƙarya na ɗaukar miki, Mutmainna. Maganin uwar mutum ba zan ɗauka ba. Appelle-le, ki kira shi. Yanzu."

Ta kashe.

Na kira Moctar. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake. Na sake. Mutumin da ko saƙon "sannu" na tura masa yake amsawa kafin in ajiye waya. Ƙarfe huɗu ta wuce. Malam Mustafa ya dubi agogonsa, ya dubi layin da ke tsawo.

Sai wayar ta haska da kanta. Tanti Batula, kiran bidiyo.

Da wata rana ce da na bari ta katse. Na ɗauka.

"Alhamdulillahi! Ga ta! Ke wane irin barci ne wannan?" Fuskarta ta cika wayar, ta ci kwalliya, ɗaurin ɗankwalin biki, sarƙar da ba ta fitowa sai Sallah. "Tsaya ki ga, tsaya ki ga su wa muke da su."

Ta juya kamara. Salon ɗinmu ne, amma an ture tebur, an shimfiɗa babbar dardumar nan ja. Kawu cikin babbar riga shuɗiya. Kusa da shi wani dattijo mai carbi, Alhaji Hassoumi, ƙanen mahaifin Moctar. A tsakiya faranti, goro da alewa da dabino a ɗaure cikin farin ƙyalle. A gefe, a ƙasa, ya tanƙwashe ƙafa ya sunkuyar da kai yana murmushi, Moctar. Shi ya sa bai ɗauka ba. Ba a taɓa waya gaban manya.

"Mun ce tunda gobe kina wurin Inna, mu ma mu gama namu a nan," in ji Kawu yana dariya. "Gaida Alhaji."

Na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Yamai, ya tambayi zafi. Ina amsawa da "lafiya lau" kamar na'ura. Tanti ta juyo da wayar, ta matso da ita kusa da idonta.

"Wai ke ina kike haka? Mene ne wancan a bayanki?"

Na manta gilashin. Duwatsun suna tsaye a bayana, kore, da gajimarensu.

"Yaushe Yamai ta yi duwatsu, Mutmainna?"

"Tanti, don Allah ki juya mini wayar." Muryata ba tawa ba ce. "Da shi zan yi magana."

Ta juya. Na dubi fuskarsa sosai, karo na farko. Yana da ɗan tabo a gira. Ban sani ba.

"Moctar."

Kansa ya ɗago da sauri. Kowa a salon ɗin ya juyo, don sun san ban taɓa faɗar sunansa ba.

"Ba Yamai nake ba. Ban je gida ba, ban yi niyyar zuwa ba. Ina Réunion. Maganin Inna yana hannuna, sai yau da safe na buɗe. Na ɗauka guzuri ne." Na ci gaba. "Akwai wani bawan Allah a nan da zai kawo shi Orly gobe da asuba. Kai yake so ka karɓa. Don Allah. Komai za a yi mini a yi, amma ka je ka karɓa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," Tanti ta ce, wayar ta karkata.

"Réunion ta ina?" Kawu ya miƙe zaune. "Ke da wa?"

"Ni kaɗai, Kawu."

"Kayan mutane fa? Rahama fa? Da ita aka haɗa baki?"

"Wane magani?" Alhaji Hassoumi ya juya ga Moctar a hankali. "Me ya sami Hajiya?"

Sai a lokacin na gane abu na biyu da na fasa. Sirrin da tsohuwar ta ɓoye shekara guda, na zube shi a kan darduma gaban ƙanen mijinta.

Na dubi Moctar. Murmushin ya tafi, amma ba fushi ne ya maye gurbinsa ba. Da fushi ne da na iya ɗauka. Kallo na yake kamar yana ƙoƙarin tuna inda ya san ni.

Malam Mustafa ya miƙo hannu, na ba shi wayar. Ya yi sallama, ya faɗi sunansa, lambar jirgi, ƙarfe shida da minti goma, ƙofar fita, farar hula, lambar wayarsa sau biyu a hankali. Na leƙa ta gefen kafaɗarsa. Moctar ya ciro biro daga aljihun gaba, ya juya tikitin TGV ɗinsa, yana rubutawa a kan gwiwa. Da ya gama ya ɗaga takardar ga kamara, ya gyaɗa kai sau ɗaya.

"Ya isa," Malam Mustafa ya ce da ni. "Na ga fuskarsa." Ya sa kwalayen a jakar hannunsa, ya dafa kaina ta saman mayafi, ya shiga layi.

Da na mayar da wayar gabana, Tanti ce, kwallinta ya zubo. "Me muka yi miki? Me muka rage ki da shi? Zanena na yage na ɗaura miki, Mutmainna! Da haƙorina!"

"Ba ni nan." Kawu ya karɓe. Bai yi tsawa ba, muryarsa ƙasa take, wadda na fi tsoro. "Abu ɗaya zan tambaye ki gaban Alhaji. Jirgin farko da kika samu, za ki hau ki dawo gida. Ko ba haka ba?"

Na buɗe baki. Na san abin da ke fitowa in na buɗe, shekara ashirin da bakwai ina jin sa. Na jira ta.

Ba ta fito ba.

"Mutmainna, da ke nake."

Kawu bai iya riƙe waya daidai ba, kullum rabin fuskarsa ake gani, sauran kuma ɗaki. Ta saman kafaɗarsa nake hango komai. Moctar ya ninke tikitin biyu ya sa a aljihu. Ya dubi farantin goron da ba a kwance ba. Ya ɗan russuna wa bayan Kawu, ya russuna wa Alhaji Hassoumi da ke ta tambayarsa, ya miƙe. Ba wanda ya kula, kowa ni yake jira.

A bakin ƙofa ya sunkuya ya sa takalmansa. Na dama, sannan na hagu mai cin dunduniya. Ya ɗaure igiyar a tsanake. Ya buɗe ƙofar, ya fita, ya ja ta a hankali yadda ko ƙara ba ta yi ba.